An ce labarina na 'yan ruwa sata ne, ku raba ni da yayana

'Yar Mai Wurno:
Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ina rubuta wani labari a waya, yawanci da daddare in an samu caji. Masunci ne a bakin Kogin Nilu, kusa da madatsar Sinnar, nan Sudan. Ya jefa koma ya kamo ɗan ruwa, suka ƙulla abota, daga baya aka shafe shi da wani mai ya nutse ya ga garinsu. Na tura wa yayana babi uku. Ko sannu bai ce mini ba, sai cewa ya yi, "Ai wannan Abdullahi na tudu da Abdullahi na teku ne, na cikin Alfu Laila." Na nemo na karanta, jikina ya yi sanyi, har man shafawar yana ciki. Ni kuwa wallahi a bakin kakata na ji shi, tana zaune gaban murhu tana yin kisra, gurasarmu ta Sudan, mu muna jiran ɓaren da ya ƙone. In goge ne ko in ci gaba?

Baffa na Gadarif:
Wa'alaikumus salam 'yata. Kada ki goge komai. Magana Jari Ce fa, da Abubakar Imam ya fara fitarwa a 1937, akun nan mai hana ɗan sarki fita da daɗin baki daga labaran Indiya da Farisa ya taso. Wasu labaran daga Alfu Laila suke, wasu daga tatsuniyoyin Jamus. Amma wa ya taɓa karantawa ya ji ba a fadar sarkin Hausa yake zaune ba? Kakarki ma ai ji ta yi. Mu da kakanninmu suka zo nan ta hanyar aikin hajji, labari nawa ya biyo ayari?

Ɗalibi daga Madani:
Baffa, a gafarce ni, ban bi ka duka ba. Ɗan ruwa na kowa ne, ba mai shi. Amma koma, sai abota, sai mai, a jere kamar yadda suke can, wannan ya wuce aro. Yaya, kin ambaci madatsa kin wuce ta kamar ba komai. An gama ta a 1925 don shayar da gonakin auduga na yankin Jazira. To, ranar da aka datse kogin, ina 'yan ruwan suka kwana? Garinsu ya rabu biyu ne? Na ƙasa sun yafe wa na sama? Alfu Laila ba ta san da wannan ba.

'Yar Mai Wurno:
Na gode Baffa, Allah ya ƙara girma. Ƙanena, ka hana ni barci jiya, har na fara zana garin gida biyu a bayan takardar magani. Man ne dai ban san yadda zan yi da shi ba, babi na huɗu kacokan a kansa ya rataya, kuma shi Kaka ta fi jan muryarta a kai.