Wai maganar likita ta isa mai ciwon suga ya ajiye azumi?

Alhajin Kwari: Jama'a ni fa zan fadi gaskiya ko za'a ji haushina. Wannan abun da ya zama yayi na cewa likita ya hanani azumi, yawanci raunin imani ne kawai. Mutum yanada suga ko olsa amma tun safe yana kasuwa, yana hawa mashin, yana daga dila da karfinsa, ana ganin wata sai kaji wai likita yace kar yayi. Kakanninmu a gona suke azumi cikin rana tsaka basu san wani suga ba. Ni a fahimtata marar lafiyan da Alkur'ani ya yiwa uzuri shine wanda yake kwance, in dai kana tashi da kafarka to azumi ya hau kanka.

Baban Walid: Wlh Alhaji ka fadi abinda ke raina musamman maganar olsa din nan, wata goma sha daya mutum na cin yaji da tsire lafiya lau, sai Ramadan ciwon zai tashi.

Anti Nas: Alhaji don Allah ka janye maganar kwanciyar nan, tana da hatsari fiye da yadda kake zato. Mai suga ba sai ya kwanta ba, da ƙafarsa zai fita da safe yana raha, la'asar na yi a kwaso shi ranga-ranga. Na taɓa karɓar wata dattijuwa a imajansi, zufa ta jiƙe mata zani sharkaf jikin kuma sanyi ƙalau, hannu na karkarwa, tana ta sambatu ba ta ma gane 'yarta ba. 'Yan uwan sun ɓata lokaci a gida suna tofi suna turare sun ɗauka iska ce. Da muka ɗan huda yatsa mitar gwajin suga ta nuna ya faɗi ƙasa da 50. Ashe ta yi allurar insulin ɗinta da asuba yadda ta saba, ta sha koko kaɗan ta ɗauki azumi, tun azahar take jin jiri amma ta ce saura ƙiris a sha ruwa ba za ta ɓata wahalarta ba. Allah ya sa da sauran kwana. Wanda aka makara da shi ƙwaƙwalwa ce ke taɓuwa, wani daga suman nan sai makara. Kuma kakannin da kake faɗa suna da shi, suna ne ba su sani ba, mutum ya yanke jiki ya faɗi a gona a ce ajali ne a rufe maganar.

Alhajin Kwari: Allah ya kara mata lafiya. Amma Anti wannan ai mutum daya ce, ni nasan masu suga da yawa a layinmu da suke azumi talatin cif babu abinda ya samesu.

Anti Nas: Eh akwai, ban musa ba, shi ya sa ba a yi wa kowa kuɗin goro. Amma ba mutum ɗaya ba ce. An yi wani babban bincike a ƙasashe 13 a azumin 2001 kan masu suga sama da 12,000, aka ga faɗuwar suga mai tsanani irin wadda ke kai mutum asibiti ta ninka sau 7.5 ga masu nau'i na biyu, sau 4.7 ga masu nau'i na ɗaya. Ka haɗa da namu yanayin, awa 13 zuwa 14 ba ruwa, in azumi ya faɗo a bazara zafin Sakkwato ko Maiduguri yana haura 40.

Malam Ƙarami: Assalamu alaikum. Alhaji kishin addininka abin yabo ne, amma sharaɗin kwanciya babu shi a aya kuma babu shi a littattafan da muka karanta a zaure. Allah cewa ya yi "faman kana minkum maridan au ala safarin fa'iddatun min ayyamin ukhar", wanda ya kasance marar lafiya ko matafiyi sai ya rama a wasu kwanaki, Baƙara aya ta 184, ya sake maimaitawa a 185 ya ƙara da cewa sauƙi yake nufi da ku ba tsanani ba. Matafiyin nan ma ai da ƙafarsa yake. A Mukhtasar, Shehu Khalil ya ce ana shan azumi saboda ciwon da ake tsoron ƙaruwarsa ko daɗewarsa, sannan ya ce shan ya zama wajibi idan ana tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani. Ka ga abin hawa uku ne kenan. Ɗan ciwon kai ko mura da azumi ba zai ƙara masa komai ba, wannan ba uzuri. Wanda azumi zai ƙara masa ciwo ko ya jinkirta warkewa, ya halatta ya sha. Wanda kuma ake tsoron ransa ko wata gaɓa tasa kamar ƙoda ko ido, wannan in ya dage ya yi azumin saɓo ya yi, don wanda ya ce a yi azumi shi ne ya ce kada ku kashe kawunanku a Suratun Nisa'i aya ta 29. Ma'aunin shi ne cutuwa, ba ƙarfin tafiya ba.

Alhajin Kwari: Allah gafarta Malam na ji, to amma waye zai ce akwai cutuwar? Likitocin nan wasu ba musulmi bane basu san darajar azumi ba, wasu kuma ko musulmin ne don su huta da kai kawai sai suce kar kayi, ko minti biyar basu yi da kai ba. Sai in ajiye rukunin musulunci sukutum saboda maganar minti biyar?

Anti Nas: Nan kam kana da gaskiya a wani ɓangare, akwai masu hanawa ba tare da sun duba ba, layi ya yi yawa mutum ya gaji. Shi ya sa muke roƙon mutane su zo tun a Rajab ko Sha'aban, ba ranar da aka ga wata ba. Sai a duba wane magani kake sha, an taɓa samun faɗuwar suga kwanan nan, ya ƙodarka take, wane aiki kake yi. Wanda yake kan ƙwayar maganin suga ta metformin kaɗai sugansa a daidaice ba ɗaya yake da mai shan ƙwayar Daonil mai iya faɗar da suga sosai ba, balle mai allura sau biyu ko uku a rana, balle mai juna biyu ko wanda ake wa wankin ƙoda. Da yawa gyara musu lokacin magani kawai ake yi su yi azuminsu.

Malam Ƙarami: Abin da Anti ta faɗa shi ne ma matsayar malamai na zamani. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna da likitoci a Sharja a 2009 ta yanke matsaya kan ciwon suga da azumi, suka kasa marasa lafiyan kashi huɗu. Kashi na ɗaya da na biyu masu babban hatsari suka ce dole su sha, azumi bai halatta gare su ba. Na uku da na huɗu kuma, kuma Alhaji nan taka ta fito, suka ce ba su da damar sha don kawai suna da suga. Wato sunan ciwo kaɗai ba lasisi ba ne, haka kuma jarumta ba hujja ba ce. Maganar likita kuwa, masu sharhin Mukhtasar sun ce tsoron cutuwa yana tabbata da maganar likita masani ko da abin da mutum ya jarraba a jikinsa. In ka samu musulmi amintacce ya fi kwanciyar hankali, in ba ka gamsu ba ka je wurin na biyu. Amma ƙwarewa da amana ake nema, Annabi SAW a hijira Abdullahi bin Uraiƙiɗ ya ɗauka ɗan jagora alhali lokacin bai musulunta ba, saboda ya san hanya.

Ɗan Maradi: Malam gafara dai, ni tambayata ita alluran insulin din da rana da kuma huda yatsa da akai don gwaji, mu nan ana ce muna in jini ya fita azumi ya tafi, shi yasa baban namu bai yarda a gwada shi sai bayan magariba.

Malam Ƙarami: Ko ɗaya ba ya karya azumi. Majalisar da na ambata tun a zamanta na Jidda a 1997 ta ce allurar fata da ta tsoka da ta jijiya ba sa karyawa, sai dai wadda take madadin abinci wato ƙarin ruwa. Ɗigon jinin yatsa kuma ba komai ba ne. Ka lallaɓa Baba.

Anti Nas: Ka lallaɓa shi sosai, gwajin bayan magariba an riga an wuce wurin hatsarin. A gwada da hantsi, da azahar, da la'asar, da duk lokacin da ya ji ba daidai ba. In mita ta nuna ƙasa da 70, ko 3.9 a irin mitar da ke ba da ƙananan lambobi, a ba shi abu mai zaƙi nan take ko da ladan ya ɗau lasifika ne. In ta haura 300 ma ya sha. Baban Walid kai kuma maganar olsa, gaskiya da yawan masu cewa suna da ita ba a taɓa gwada su ba, wasu ƙwayar cuta ce a ciki da ake maganinta a warke, wasu omeprazole da sahur ya ishe su. Amma mai aman jini ko baƙin bayan gida kamar kwalta kar ka sa shi a sahun masu fakewa, wannan asibiti ne ba azumi ba.

Maman Ummi: Ni dai wannan magana ta tabani ne shiyasa na kasa shiru. Mahaifiyata shekara biyu kenan da aka hanata saboda suga da koda, wlh duk ranar daya ga azumi kuka take, tana zaune ana jera kwanukan buda baki ita ta riga taci abincin rana a boye a daki kamar wadda tayi sata, ko jikokinta bata so su gani. Ba abinda ya kara karya mata zuciya irin wata makociya da tazo gaisheta tace ai Hajiya da kin daure, azumi ai magani ne, Allah bazai kashe mai bautarsa ba. Washegari ta dauki azumi bata fada mana ba, da kyar muka shawo kanta. To Alhaji irin maganarka ce take kaiwa kunnen irinsu, su masu fakewar da kake nufi ko a jikinsu, masu tsoron Allahn ne suke jin zafinta.

Alhajin Kwari: Subhanallah, Allah ya bawa Hajiya lafiya, ni ba irinsu nake nufi ba Maman Ummi.

Malam Ƙarami: Na san ba su kake nufi ba, amma magana in ta fita ba ta zaɓen kunne. A zamanin Annabi SAW wani sahabi ya ji rauni a ka a halin tafiya, ya wayi gari da janaba, ya tambayi abokan tafiya ko yana da rangwamen taimama suka ce babu tunda ga ruwa, ya yi wanka ya mutu. Da labari ya je wa Annabi SAW sai ya ce sun kashe shi, me ya hana su tambaya tunda ba su sani ba. Yana cikin Abu Dawud. Maƙwabciyar nan da wani abu ya samu Hajiya me za ta ce wa Allah? Maman Ummi ki gaya wa Hajiya hadisin Abu Musa da ke Bukhari, idan bawa ya yi rashin lafiya ko tafiya ana rubuta masa irin abin da yake yi yana lafiya yana gida. Azumin da ta shekara da shekaru tana yi ba a rufe mata littafinsa ba. Anas bin Malik da ya yi wa Annabi hidima shekara goma, da ya tsufa sha ya yi yana ciyar da miskinai gurasa da nama. Ta daina ɓuya a ɗaki.

Maman Ummi: Nagode Malam Allah ya saka, yanzu zan kirata. To ita ramuwa zatayi ko ciyarwa? Don likita yace kodar bazata koma daidai ba.

Ɗalibi: Ciyarwa ce kuma wajibi ce, Ibnu Abbas ya ce ayar "wa alallazina yuɗiƙunahu fidyatun" ba a shafe ta ba, tana kan tsoho da tsohuwa da ba sa iyawa, malamai suka haɗa da mai ciwon da ba a sa ran warkewa. Kowace rana miskini ɗaya, rabin sa'i, wajen kilo ɗaya da rabi na shinkafa.

Malam Ƙarami: Ramuwa kam babu a kanta tunda ba a sa ran sauƙi, ramuwa ta wanda zai warke ce, shi kuma yana da sarari har Sha'aban kamar yadda Nana A'isha take yi. Ciyarwa wajibi ce a wurin Shafi'iyya da Hanafiyya da Hanbaliyya kamar yadda ka ce, amma a Risala mustahabbi ce ga tsoho, kuma mudu ɗaya ne na Annabi a kowace rana, cikin tafi biyu na matsakaicin mutum, ba mudun awo na kasuwa ba. Ni shawarata tunda 'ya'ya na da hali ta ciyar ta fita daga saɓani, in an ba da rabin sa'in ya fi. Wanda ba shi da ko na bakinsa kuma babu komai a kansa.

Ɗalibi: Allah gafarta Malam ni dai maganar mustahabbin nan ban gamsu ba, ayar fidya ta ce, zan kawo abin da na karanta bayan tarawi in sha Allah.

Alhajin Kwari: Ni kuma har yanzu ina kan bakana game da masu fakewa da olsa, suna nan kuma sun san kansu. Amma Anti akwai yaron shagona mai sikila, bara a tsakiyar azumi sai da aka kwantar dashi aka kara masa ruwa, bana ma naga ya dauka kuma shike sauke kaya a rana. Shi wane layin yake ciki?

Anti Nas: Rashin ruwa a jiki na cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon sikila, ga zafi ga ɗaukar kaya kuma. Tunda har an taɓa kwantar da shi a azumi kar ka jira, gobe da safe ka sallame shi ya je asibitin da yake da kati ya ga likitansa, kuma ka cire shi daga sauke kaya tun yau.