Alƙaluman laifuka na 2021 sun hana ni kammala bincike

Assalamu alaikum. Masana tattalin arziki, ku taimaka.

Ina rubuta kundin digiri na biyu kan ko ƙaruwar baƙin haure tana ƙara aikata laifuka a biranen Amurka, daga 2010 zuwa 2022. Adadin baƙi daga hukumar ƙidaya na samo shi, na laifuka kuma daga hukumar binciken manyan laifuka ta FBI.

Komai lafiya lau sai 2021. A shekarar FBI ta koma tattara bayanan laifuka ta tsarin da ake kira NIBRS kaɗai, sai 'yan sandan New York da Los Angeles ba su miƙa alƙalumansu ba, ga shi kuwa can baƙi suka fi yawa. Layinsu fayau yake a jadawalina, sai lissafin ya nuna wai laifi ya ragu inda baƙi suka taru.

Na cire shekarar, malamina ya ce atafau. Na cike gurbin da matsakaicin 2020 da 2022, amma a 2020 kisan kai ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari, sakamakon ya karkace.

Wace hanya masu bincike suka yarda da ita wajen cike wannan giɓi?