Kakanmu ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba, me ya kamata mu yi masa?

Jikar Soja, Gangare:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Satin da ya wuce muna kwashe kayan ɗakin Hajiya kakarmu saboda kwano na yoyo, sai muka jawo wani tsohon akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, ashe kayan kakanmu ne, mahaifin babanmu. Hoto ɗaya yana sanye da kaki, hular ma ta yi masa yawa, sai wasiƙu biyu da ajami da wata 'yar takarda mai lambarsa ta soja, gara ta ci gefenta. Leburan kuza ne a Bukuru, da aka fara yaƙi a 1967 aka ce ana ɗibar soja sai ya shiga, lokacin babanmu yana goye. A wasiƙar ƙarshe ya ce suna Asaba suna jiran a ƙetare ruwa, daga nan shiru. Ba gawa ba kabari, abokinsa ne ya dawo bayan yaƙi ya ce wa Hajiya ta yi takaba. Wallahi kunya ta kama ni, shekarata 29 ban taɓa ganin fuskarsa ba sai ranar. Ina so mu yi masa wani abu tun Hajiya na da rai amma ban san ta ina zan fara ba.

Ɗan Bariki, Abuja:
Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya jiƙansa. Tunda ya ambaci Asaba to da alama runduna ta biyu yake, wadda Murtala Muhammed ya jagoranta, ita ce aka haɗa a gurguje da kurata da yawa bayan sojojin Biyafara sun shiga yankin Benin a Agusta 1967. Sun isa Asaba a Oktoba suka tarar an fasa gadar kogin Kwara, sai aka yi ta gwada ƙetarewa zuwa Onitsha da jiragen ruwa, ana harbinsu daga ɗaya gaɓar, mutane da yawa a ruwan nan suka tafi shi ya sa ba kabari. Onitsha ba ta faɗi ba sai Maris 1968 bayan an zaga ta Idah. Wannan lambar ki riƙe ta da kyau, ki ɗauki hotonta a waya yau ɗin nan, sannan ki je ofishin Nigerian Legion da ke garinku Jos, ƙungiyar 'yan mazan jiya ce, wataƙila ki dace da tsohon da suka yi runduna ɗaya. Ranar 15 ga Janairu kuma ita ce ranar tunawa da su, da can 11 ga Nuwamba ake yi, aka mayar da ita ranar da aka gama yaƙin a 1970. Nan Abuja shugaban ƙasa na ajiye furanni a saki tattabaru, amma gaskiya ni addu'ar gida ta fi kwanta mini.

Mama Uku, Tudun Wada:
'Yata sannu, kin sa ni hawaye da safen nan. Ni babana ya dawo, amma da ƙafa ɗaya, yana runduna ta ɗaya wajen Nsukka da Enugu. Har ya rasu bai taɓa zaunar da mu ya ba mu labari ba, in an buga knockout lokacin Kirsimeti sai ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, mu yara muna ta dariya ba mu san komai ba. Ya sha wahalar neman fansho, ya je ofis ya dawo ya je ya dawo da sandarsa, wannan ma in na tuna raina ɓaci yake. Abin da nake nadama kawai ban naɗi muryarsa ba. Ke kina da Hajiya, ki bar komai ki fara da ita, ki dama mata kunu ki zauna kusa, kar ki yi mata tambaya kamar 'yar jarida, ki ce Hajiya yaya aka yi kuka haɗu, sauran zai zo da kansa. Mu a coci muke addu'ar godiya duk Janairu da sunansa, ku kuma ai sai a yi sauka a raba sadaka.

Mai Shago, Titin Masallacin Juma'a:
Allah ya gafarta masa. Hajiya ƙarama ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba don in ɓata miki rai ba. Asaba ɗin nan a Oktoba 1967 sojojin tarayya sun kashe fararen hula maza da yawa, har yau mutanen garin na tunawa duk shekara, kuma nan Jos ma a 1966 an kashe Inyamurai an kore su. Ba wanda zai ce kakanki na ciki, yaro ne lebura aka ba shi bindiga, amma in za ki ba 'ya'yanki labari ki ba su har da wannan. Maƙwabcina a kasuwa shekara 20 muna tare, yayyensa biyu yunwa ce ta kashe su a yaƙin suna ƙanana, ranar da ya faɗa mini kasa cin abinci na yi. Shawarata a haɗa kuɗi a dangi a yi rijiya ko a sa famfo a masallacin unguwa da niyyar ladan ya kai gare shi.

Jikar Soja, Gangare:
Na gode sosai, Allah ya saka da alheri. Baba Mai Shago raina bai ɓaci ba, ban san wannan ba sam, zan nemi ƙarin bayani. Mama na bi maganarki jiya bayan isha'i, na kunna waya na ajiye kan tabarma. Da farko Hajiya cewa ta yi me zan tono, can sai ta ce ranar da zai tafi a tashar jirgin ƙasa ta ƙulle masa ƙuli-ƙuli a gefen ɗankwalinta ta yage ta ba shi, kuma shekara uku tana ajiye masa tuwo da dare. Mun yi minti 50 ba ta gama ba. Ta ce in kawo mai karanta ajami ranar Juma'a, tana so ta sake jin wasiƙun.