Ƙanena ya kamu da tiramol, ku da kuka taɓa gani yaya kuka yi?

Mai tambaya, unguwar Bukoki a Yamai:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena shekararsa 19, dako yake yi a kasuwar Katako. Da ƙwaya ɗaya ya fara, cikin kofin safe, wai don ya jure kaya. Yanzu huɗu yake haɗiyewa. Makon jiya ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure. Baba ya ce gidan mari za a kai shi, ni kuwa hankalina bai kwanta ba.

Tsohon ɗan kabu-kabu:
Wa alaikumus salam. Shekara 6 na yi ina sha. Ta likita miligiram 50 ce ko 100, kuma lokotoro ba ya bari a wuce 400 a yini. Ta masu tebur har 225 take kaiwa, to lissafa huɗu. Faɗuwar nan ba aljanu ba ne, ƙwayar ce. Na taɓa yanke ta lokaci guda: zufa, zawo, ciwon gaɓoɓi, ido biyu har asuba. Kwana uku na koma. Sai da lokotoro ya riƙa rage mini sannu a hankali na rabu da ita.

Wata uwa, unguwar Talaje:
Ɗana, kada ku yarda da mari. Nawa wata 4 ya yi da sarƙa, ya dawo da gyambo a idon sawu, ko gaishe ni ba ya yi. Mako bai zagayo ba ya koma fadarsu, wurin zaman hirar samari. Ƙanwata ce ta matsa muka je Pavillon E, sashen ƙwaƙwalwa na babbar likitar Yamai. Kunya ta kusa hana ni, kar unguwa ta ce ɗana ya haukace. Sau biyu ya sake zamewa bayan nan, ban ɓoye muku ba, amma bana da shi muka yi azumi.

Mai gareji, Harobanda:
Ku canza masa sana'a. In ya koma ɗaukar buhu, jikinsa zai nemi abin da ya saba. Yara biyu masu shaƙar sholisho na ɗauka. Ɗaya na nan yana kwance inji, ɗayan ya gudu da sifanata.

Mai tambaya:
Allah ya saka. Hajiya, ko za ki yarda in haɗa ki da Baba ta waya? Ni ba zai saurare ni ba.