Tsohon masallacin unguwarmu ya tsage: a gyara shi ko a rushe a yi na bulo?

Ɗan Cikin Badala:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka san ginin ƙasa ko suka taɓa zama a kwamitin masallaci. A unguwarmu nan cikin birnin Kano, ba zan faɗi sunanta ba don maganar ba ta gama nuna ba, muna da wani tsohon masallaci na salloli biyar, ginin tubali ne rufin azara, da baka biyu a ciki (wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗauke da rufin) da ƴar tulluwa a tsakiya, dattawanmu sun ce su ma tasowa suka yi suka ga kakanninsu na salla a ciki. Toh damunar bana bangon gabas ya tsage tun daga gindin indararo har ƙasa, in ana ruwa sai an jera bokitai a sahun farko. Sai wani ɗan unguwa da Allah ya hore wa ya ce zai ɗau nauyin komai, amma fa da sharaɗin a rushe a yi na bulo hawa biyu da tayil da fankoki da sola, wai shi ba zai zuba kuɗinsa a laka ba. Kwamiti ya rabe biyu, samari na son sabo, tsofaffi biyu uku sun ce sai dai bayan ransu, liman kuma ya yi gum. Ni ne sakatare, an ce in zo da bayani zama na gaba. Shin irin wannan tsagewar tana gyaruwa? Kuma akwai dokar da ta hana mu rushewa ne, ko mu ke da ta cewa?

Injiniya Sabo:

Wa alaikumus salam. Malam sakatare kafin a je ga maganar tarihi, ku fara fitar da mutane daga ƙarƙashin rufin nan tun yau, a shimfiɗa tabarmi a waje ko a aro zauren wani. Ka tuna babban masallacin Zariya ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana sallar la'asar wani ɓangare ya rufto kan mutane aka rasa rayuka, kuma Mai Martaba Sarkin Zazzau da bakinsa ya ce an ga tsaga ana shirin kawo masu gyara. Wannan fa aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne tun shekarun 1830, wanda duk ƙasar Hausa ba a yi magini kamarsa ba, ballantana na unguwa. Ni ra'ayina in an samu mai ginawa fisabilillahi a karɓa kawai. Unguwa ta cika, yara sun yi yawa, hawa biyu zai ɗau ninkin jama'ar da yake ɗauka yanzu. A ɗau hotuna a ajiye, shi ke nan.

Jikan Magina:

Injiniya na yarda da kai ɗari bisa ɗari a kan a kwashe mutane, rai ya fi gini. Amma "a ɗau hoto a ajiye" ɗin nan shi ne ya cinye mana rabin birni wallahi.

Ɗan Cikin Badala, ni gidanmu gidan magina ne, na taso ina kwaɓa ƙasa ina miƙa tubali kafin boko ta ɗauke ni, don haka bari in tambaye ka abu ɗaya: an taɓa yi wa masallacin nan filasta da siminti ta waje? Ina kyautata zaton an yi, don kusan duk ginin ƙasan da na ga ya tsage daga indararo zuwa ƙasa labarin ɗaya ne. Bangon ƙasa yana shan danshi kuma yana fitar da shi in rana ta buɗe. Da zarar an lulluɓe shi da siminti, ruwa zai samu ƴar kafa ya shiga ta sama, ba shi da hanyar fita, sai ya zauna tsakanin simintin da bangon yana jiƙa shi a hankali, daga waje kana ganin abu sumul an shafa fenti, ciki kuwa ya zama kunu. Ga kuma kwata da ake tokarewa a lungu, da titi ko dandamalin maƙwabta da ya ɗaga sama ya bar gindin bangon cikin ruwa. Mutane sai su ce ai ginin ƙasa ba shi da ƙarko, alhali mu muka daina yi masa abin da yake buƙata.

Da can ba a barin damuna ta riski soro ba a taɓa shi ba. Kafin ruwan fari a hau sama a share, a toshe tsaga, a duba indararo, a yi yaɓe. Bango a shafe shi da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ita ce ke ba shi jan nan mai duhu kuma ruwa ya zame. Rufi kuma a yi masa laso, wato katsi, dattin rini na gindin karofi, da gashin jima na majema da tsiron dafara, a haɗa a shafe, in an yi shi da kyau yana shekaru bai yoyo ba. Ka ga kenan magini yana dogara da marina da majema, toh yanzu je ka marinar Ƙofar Mata da ake cewa tun 1498 take, ka ƙirga karofi nawa ke aiki. Shi ya sa na ce matsalar ba ta bango ɗaya ba ce.

Amsar tambayarka: e, tana gyaruwa, in dai azarar ba ta ruɓe ba kuma bakan bai motsa ba. Azara giginya ce, gara ba ta cika cinta ba, abin da ke kashe ta shi ne ruwa ya kwanta a kan bakinta inda ta shiga bango. A samu gwani ya hau ya buɗe ƙasar saman ya duba bakunan azarar ɗaya bayan ɗaya. In lafiya suke, a tokare rufin, a ɓamɓare simintin gaba ɗaya, a sare inda ya jiƙe a sake ɗora tubali, a gyara magudanar ruwa. In kuwa bakan da kansa ya buɗe ko bangon ya karkata waje, toh nan ni ma ba zan ce a sa mutane a ciki ba. Amma a bari wanda ya san aikin ya faɗa, ba ɗan kwangilar da zai ci riba in an rushe ba. Ku bi ta wajen mai unguwa a haɗa ku da gidan Sarkin Magina, har yanzu akwai tsofaffin hannu, su ne ake kira in za a taɓa Gidan Rumfa ko Gidan Makama.

Abu Hanifa:

Ta fuskar addini dai babu laifi ko wanne aka yi. Masallacin Manzon Allah (SAW) da tubalin ƙasa da kututturen dabino aka gina shi, Sayyidina Umar ya faɗaɗa shi da irin kayansa na farko, Sayyidina Usman kuma ya sake shi da sassaƙaƙƙen dutse ya yi rufi da katako. Kun ga duka biyun suna da magabaci. Abin da zan ja hankali kawai, masallaci waƙafi ne, ba na mai kuɗi ba ne ba na kwamiti ba, kada a yi abin da zai raba kan jama'a har wasu su daina zuwa jam'i. Kuma mai bayarwa don Allah bai kamata ya ɗaure mutane da sharaɗi ba, a zauna da shi cikin mutunci a fahimtar da shi.

Bintu Damagaram:

Ina gaisuwa daga Zinder. Mu nan abin da kuke tsoro ya riga ya same mu, tsohon masallacinmu na unguwar Birni da ya haura shekara 150 ya zube a watan Satumba 2024 da ruwan nan mai yawa, mutane suna tsaye suna ɗauka a waya, tsofaffi har kuka suka yi. An daɗe ana cewa akwai tsaga. Amma ku dubi Agadas, hasumiyar masallacinsu mita 27 ce kuma duk ƙasa ce, tun wajen 1515 aka kafa shi aka sake gina shi 1844, ga ta nan tsaye, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Itatuwan nan da kuke gani sun fito a jikinta ba ado ba ne kawai, su ake takawa a hau a yi yaɓe, wato tun ranar gini an san za a riƙa dawowa. Haka mutanen Jenne a Mali, duk shekara gari guda ke fitowa yaɓen masallacinsu kamar ranar salla, mata na ɗebo ruwa samari na ɗaukar laka. Gaskiya Agadas ba ta samun ruwa kamar Kano, wannan dole a faɗa. Amma ni tambayata ga masu cewa a bar shi, in an gyara bana wa zai hau baɗi? In ba ku da amsar wannan to ku bar Alhajin ya yi nasa.

Sannan don Allah ko wanne za a yi a tuna da mata, a ware mana wuri ko don tarawihi da tafsiri.

Mai Shayin Ƙofar Wambai:

Hhhh doka? Malam sakatare wace doka kuma. Badala da kanta da Sarki Gijimasu ya fara tun ƙarni na 12, wadda gwamnatin tarayya ta ayyana kayan tarihin ƙasa, tana ma cikin jerin masu jiran UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya tun 2007, je ka zagaya ka ga abin da ya rage. Wani wuri an yanka fuloti, wani wuri an kwashe ƙasar an yi bulo da ita, wani wuri bola ce. Ƙofar Na'isa a 2010 aka ture ta don faɗaɗa titi aka yi ta siminti. Shataletalen gidan gwamnati da aka gina na cikar jihar Kano shekara 50 ma, wanda ba tsoho ba ne, a 2023 dare ɗaya aka wayi gari babu shi. Wannan gwamnati ta gina waccan ta rushe, kowa da hujjarsa. Shi kansa babban masallacin cikin gari da muke alfahari da shi ai na shekarun 1950 ne, na ƙasan da ke wurin sauke shi aka yi. Toh wa zai zo ya tare ku a kan masallacin lungu? Ni dai abin da na sani in kuka yi na bulo da rufin kwano, watan Afrilu sallar azahar sai kun gwammace waje, don na ƙasan nan ko babu wuta sanyi gare shi. Ku tambayi Alhajin wa zai sayi batirin sola in ya mutu.

Injiniya Sabo:

Mai shayi ka ba ni dariya amma maganar zafi gaskiya ce, bango mai kauri yana riƙe sanyin dare. Game da doka, dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa tana kare wuraren da aka ayyana ne, irin su badala da Gidan Makama da hasumiyar Gobarau ta Katsina, in naku ba ya cikin jerin ba ta hau kansa kai tsaye ba. Amma sabon gini hawa biyu dole sai da zane da izinin hukumar tsara birni, KNUPDA, kuma a lungun cikin gari haƙa fandisho mai zurfi yana iya taɓa katangar maƙwabta in su ma na ƙasa ne, wannan rigimar ku lissafa da ita tun yanzu. Jikan Magina na ji bayaninka, ban ƙi a kira gwani ba, amma a haɗa shi da injiniya su duba tare su sa hannu a takarda. Ban yarda da "in sha Allahu zai riƙe" a kan rufin da mutum hamsin ke sujada a ƙarƙashinsa ba.

Ɗan Cikin Badala:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jikan Magina kamar kana wurin, an yi masa siminti da fenti shekarun baya lokacin wani gyara, kuma kwatar bayan mihrabi a toshe take tun da maƙwabcinmu ya ɗaga dandamalinsa. Na yi wa liman magana bayan isha'i ya amince daga gobe a koma rumfar waje. Wani dattijo ya kawo shawarar da ban yi tunaninta ba, akwai kangon gida jikin masallacin ta kudu da magada ke son sayarwa, ya ce me zai hana Alhaji ya saye shi ya yi sabon gininsa a can da wurin mata da wurin alwala, a huda ƙofa tsakani, tsohon kuma a gyara shi da kuɗin unguwa. Ban san ko zai yarda ba don shi so yake a ga aikinsa daga bakin titi. Tambayar Hajiya Bintu ce ta tsaya min a rai, wa zai hau baɗi. Jikan Magina, yaɓen nan na shekara aikin mutum nawa ne, kuma samarinmu za su iya koya ko dole sai an ɗauko magina duk shekara?

Jikan Magina:

Masallacin unguwa ba wani babban aiki ba ne, gwani ɗaya da samari biyar shida sun isa, in an tanadi ƙasa an jiƙa ta da ciyawa ta kwana biyu ta ruɓa. Share rufi da toshe ƙananan tsaga da duba indararo duk samarinku za su iya in sun yi sau ɗaya tare da shi, abin da ba za su taɓa ba shi ne baka da azara. Ku sa shi cikin watan Maris ko farkon Afrilu kafin hadari ya fara haɗuwa, kuma ku rubuta shi a littafin kwamiti da kason kuɗinsa daga asusun Juma'a, don in aka bar shi a baki mantawa za a yi. Babban gyaran kuma kada ku fara yanzu, bangon a jiƙe yake, ku tokare rufin da itace mai ƙarfi, ku buɗe kwatar nan gobe goben nan, ku rufa leda a saman tsagar, sai iskar hunturu ta busar da shi sannan a ɓamɓare simintin. In kun kira gwanin ka ɗauko hoton bakunan azarar bayan ya buɗe ka turo mu gani.