"In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, nemi tsumma ka ɗaura": har a wurin aiki?

Sabuwar Ma'aikaciya:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ban daɗe da kama aiki a wata ma'aikatar jiha ba, a mataki na 8, ko tabbatar da ni ba a yi ba. A ofishinmu akwai littafin sa hannu, da takwas ta gota sai a ja layi. Na tarar mutane suna sa wa juna hannu. Wata babbar yaya da ta riƙe ni hannu bibbiyu tun zuwana ta ce in riƙa sa mata ranar da ta makara. Da ta ga na yi jim, sai ta ce, "Ƙanwata, in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, nemi tsumma ka ɗaura." Abin ya tsaya mini a rai. Wannan ce ma'anar karin maganar?

Baba Mai Fansho:
Wa alaikumus salam 'yata. Shekara 35 na yi ina aikin gwamnati kafin in ajiye, kuma wannan magana ta yi mini amfani, sai dai ba a inda yayarki ta ajiye ta ba. Wutsiyar ofis ita ce ki shiga da safe ki bi tebur tebur ki gaida kowa. In an yi wa wani haihuwa ko rasuwa aka zagayo da takardar gudummawa, ki sa abin da ya sawwaƙa, ki kuma taka ki je gidan. Ki san cewa fayil ba ya tsallake shugaban sashe ya faɗa teburin darakta, balle na babban sakatare, ko da kina da hanya. Masinjan da ke mataki na 3 kada ki kira shi da gatsal don kina da digiri. Shi ya san inda kowane tsohon fayil yake kwance, kuma wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi. Na ga yara masu ilimi sun sha wuya saboda sun raina irin waɗannan. Amma sa hannu a madadin wani, wannan ba al'adar gari ba ce, ƙarya ce a rubuce.

Akawun Zariya:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina da ja. Karin maganar ba ta ware ba, cewa ta yi "kowa". In kowa na yi, kai kaɗai ka ƙi, kai ne za a riƙa nunawa. Kuma a dubi halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ke cinye albashi, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai rufe ramin ba. Kwara da Edo har rage ranakun zuwa ofis suka yi zuwa uku a lokacin, mu a Kaduna tun a Disambar 2021 aka mayar da su kwana huɗu. Matar da za ta kai yara makaranta sannan ta hau mota biyu, in ta makara da rabin awa aka rufa mata asiri, ni taimakon juna na gani. Yarinyar nan kuma su ne za su cika mata takardar rahoton shekara. Ta shiga da ƙafar dama.

Malamar Hausa:
Malam Akawu, a sake sauraron maganar da kyau. Ba a ce ka tsiro da wutsiya ba, tsumma aka ce. Abu ne na waje, wanda za ka ɗaura don kada ka zama bare a idon mutane, ka kwance shi in ka koma gida, jikinka na nan yadda yake. Sutura, gaisuwa, yadda ake kiran manya, lokacin da ake fita salla da cin abinci, duk tsumma ne. Sa hannun ƙarya kuwa ba ya kwantuwa, yana nan a littafi da rubutunta.

Abin da ya fi damuna shi ne bakin da maganar ta fito. Ni dai yadda na taso na ji, uwa ce ke faɗa wa ɗanta in zai tafi ci-rani, ko malami ga almajirin da zai bar gari. Guzuri ne da naka ke ba ka. In mutanen garin ne da kansu suka tare baƙo suka ce ga tsumma ɗaura, kuma amfanin ɗaurin nasu ne, to ta tashi daga nasiha ta koma tilastawa. Kuma Bahaushen da ya faɗi wannan shi ne ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Ɗan Damagaram:
Ni da "jela" na san ta, wasu kuma "bindi" suke cewa, duk ɗaya ne. Malama, ban yarda da ke a kan mai faɗa ba. Mai masauki ma yana faɗa wa baƙonsa, kuma don ƙauna. Lokacin da aka kai ni wani gari aiki, tsohon ma'aikacin da na tarar ne ya ja ni gefe ya faɗa mini ita, saboda ina cin abincina ni kaɗai alhali su tare suke sa hannu a kwano guda. Har yau ina yi masa addu'a. A kan batun sa hannu dai ina bayanki.

Malamar Hausa:
Na karɓi gyara. Amma ka lura, shi bai ci ribar komai ba da ka bi shawararsa, kai ka ci.

Akawun Zariya:
To na ji. Sai dai ku faɗa mata yadda za ta ƙi ba tare da ta yi asarar matar da ta riƙe ta ba. Faɗar "a'a" a nan wurin da sauƙi, a gaban tebur ne wuya. Sabon da aka yi wa laƙabin mai kai rahoto, ko tambaya ya yi ba mai amsa masa.

Baba Mai Fansho:
Wannan tambaya ce mai kyau. 'Yata, kada ki yi mata wa'azi, kada kuma ki yi maganar a gaban mutane. Ki same ta ita kaɗai ki ce, "Yaya, ina cikin shekara biyun gwaji, in aka kama rubutuna a layinki ni za a fara kora, ki rufa mini asiri." Gaskiya ce kuwa, domin a dokokin aikin gwamnati yin ƙarya a takardun hukuma yana cikin manyan laifuka, kuma wanda ba a tabbatar ba ya fi saurin rasa kujerarsa. Ranar da takardar tuhuma ta fito, "kowa na yi" ba amsa ba ce. Sannan ki ba ta wani abin a madadin. In ta makara ki karɓi masu nemanta, ki rage mata aikin da ke kan tebur, ki shaida wa oga tana hanya in har tana hanyar. Ba ruwanki da kai ƙarar masu yi, ba a ɗauke ki aikin gadin littafi ba.

Sabuwar Ma'aikaciya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Adashin ofis fa, Baba? Shi ma sun ce in shiga, albashina kuma bai fara zuwa daidai ba.

Baba Mai Fansho:
Ki ce su ba ki zuwa zagaye na gaba, sai albashi ya daidaita. In kin shiga, ki ɗauki zubi kaɗan da ba zai gagare ki ba ko wata ya yi nisa, kuma ki nemi a sa ki a ɗaukar ƙarshe.