Lissafin ruwan tafki ya ƙi daidaita

Tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Na haɗa ruwan sama da na kogin da ke shiga tafki, na cire ƙafewa da abin da ake saki ta ƙofar dam. Lissafi ya ce ruwa zai hau santimita 40, ma'auni kuwa 15 ya nuna. Ina sauran?

Amsa ta 1: Malam, milimita 1 a kan murabba'in kilomita 1 kubik mita 1,000 ce. Da wane faɗin tafki ka raba yawan ruwan? Tafki mara zurfi bazuwa yake yi in ya cika, tsohon faɗi zai ba ka hawan da babu shi.

Amsa ta 2: Ka ninka awon kaskon ƙafewa (kaskon da ake zuba ruwa a ciki don auna yawan wanda ke ƙafewa) da kusan 0.7? Kasko ya fi tafki saurin ƙafewa.

Amsa ta 3: Rashin ninkawar rage hawan da lissafi ya bayar zai yi, ba ƙarawa ba. Ni kogin nake zargi. In ciyawa ko yashi ya toshe hanya, ruwa zai tashi a ma'aunin kogin alhali gudunsa ya ragu, sai ka lissafa ruwan da ya fi wanda ke shiga tafki. Sake auna gudun. Kada ka ɗora giɓin kan yoyon ruwa ta ƙarƙashin ƙasa sai ka duba rijiyoyin gefen tafkin.